Rabin Dabino

A kusurwar banɗaki, kan yashin da aka zuba masa, Bature ya sake yi: kashi kore-kore mai yauƙi, da ɓarɓashi kamar tsakin gero. Ɗalhatu ya tsuguna yana tonawa da tsinken sakace, mutumin da ko zanen jariri bai taɓa wankewa ba. Ya ɗago wani abu siriri, ja-ja. Ɓawon dabino ne.

Bature wani tunkun Turawa ne, dogo, fari sol, irin wanda ake kira feret. Maƙwabcinsu a International City ne ya bar musu shi da bizarsa ta ƙare. Inna, mahaifiyar Ɗalhatu, wadda aka kawo Dubai wankin ƙoda, ranar da ta fara ganinsa sai da ta haye gado tana salati. Ba a je ko'ina ba, ita ce ta raɗa masa suna. Kullum bayan la'asar sai ta miƙe ƙafa kan sallaya, ta tsaga dabino da farce, ta ci rabi, ta ba shi rabi.

"Mai rai yana kallona zan ci ni kaɗai?" in ji ta. Wa ya isa ya hana Inna?

Inna ta rasu kafin azumi, aka binne ta a nan. Cikin abin da ta bari a gidan, Bature ne kaɗai mai numfashi, ga shi kullum sai ramewa yake.

Likitar dabbobi a Al Warsan ta shafa haƙarƙarinsa, ta ɗaure fuska. "Cikinsa nama kawai ya sani. Zaƙi kashe shi yake yi a hankali. Khalas, magana ta ƙare, ku daina ba shi, in kuna son ya kai baɗi."

"Mai ba shi ta rasu," Ɗalhatu ya ce.

"To ku duba maɓoyarsa. Ɓarayi ne, suna tara abinci."

Ya dawo ya janye kujera. Ga safarsa da ya daɗe yana nema, ga carbin Inna, ga busasshen dabino tuli guda. Ya yi dariya har da hawaye, ya kwashe, ya haɗa da na kicin ya kai masallaci. Kashin Bature ya daidaita, ya fara tsalle-tsallensa a falo.

Sai abin ya dawo. Ɓawon da ke kan tsinken nan kuwa sabo ne.

"Mahfuza!" ya kira matarsa. "Akwai dabino a gidan nan?"

Ta leƙo da ludayi a hannu. "Haba Alhaji. Rabona da dabino tun sadakar Inna."

Ya san ba ta ƙarya. Ita ta yi jinyar Inna, ita ta yi mata wanka, ita ta rufe mata ido. Tun rasuwar ba wanda ya ga hawayenta. Sai dai ta ce barci yana ɗaukar ta da yamma, ta farka ba ta san inda la'asar ta tafi ba.

Washegari ya bar lodin kwantena a hannun abokan aiki, ya baro Al Quoz rana na tsaka da dukan kwalta. Ya murɗa makulli a hankali. Ƙamshin man zafin da Inna ke shafawa a gwiwa ne ya tare shi, alhali shi da kansa ya jefar da kwalbar.

Mahfuza na zaune kan sallayar Inna, ƙafafu a miƙe, kafaɗar hagu ta sauka kamar ta mai ciwon baya. Ta kunce bakin zanenta, ita da ba ta taɓa ƙulla komai a zane ba, ta ciro dabino, ta tsaga da farce. Bature na gabanta a tsaye kan ƙafafun baya.

"Kai yaron nan," ta ce da muryar Inna sak, ba tare da ta ɗago ba, "ka tsaya a ƙofa kamar baƙo?"

Shi ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba har ta koma ga Allah. Yaron nan, haka take ce masa, da furfurarsa da komai. Tsoro ya kama shi, amma kewa ta fi tsoron ƙarfi. In ya daka tsawa, Mahfuza za ta farka, muryar nan ta tafi. In ya yi shiru, rabin dabinon ya shiga cikin Bature.

Ta ci rabinta. Ta miƙa ɗayan.

Ɗalhatu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gabanta, ya tara hannu biyu.

"Inna, ni fa? Yunwa nake ji."

Hannun ya tsaya. Ta ƙare masa kallo, irin kallon nan na Inna na gefen ido.

"Ji shi, ƙato da kai, kana kishi da dabba." Ta ɗora masa a tafin hannu. Da ɗumi.

Ya tauna, hawaye na zuba. Bature ya shinshina gwiwarsa, ya haƙura, ya koma ƙarƙashin kujera.

Can sai Mahfuza ta lumshe ido, ta buɗe. Ta dubi yatsunta masu danƙo, ta dube shi.

"Alhaji? Yaushe ka dawo?"

"Yanzun nan," ya ce. "Daga yau da wuri zan riƙa dawowa."