Yatsu Biyu na Yaya

Da yatsun Yaya biyu na hannun hagu suka fara sagewa, ƙaramin da na kusa da shi, bai nemi likita ba. Wayarsa ya tambaya, ita kuma ta gaya masa abin da yake so ya ji: wai igiyoyin lantarki da ke yawo a iska ne ke soya masa jijiyoyi.

Daga ranar gidansa ya zama kurkuku. Ya cire na'urar intanet ya kulle a durowa. Ya liƙe tagar ɗakinsa da takardar alminiyam, ɗakin ya koma kamar cikin tukunya. Matarsa, Anti, sai ta je bakin ƙofa take amsa kira. Shi kuwa gogan yana zaune a teburi wuni guda, ya dasa gwiwar hannu a gefen katako, waya a hancinsa, yana karanta illar waya.

Ni ce ƙanwarsa, don haka ni aka ɗora wa jan sa asibiti.

Likitar jijiyoyi ta manna masa wayoyi a hannu, ta ce zai ji ɗan fisga. Yaya ya zabura kamar an ɗana masa wuta.

"Lantarki za ki sa min? Shi ne fa ciwon nawa."

"Shi zai nuna mana inda saƙon jijiya ke tsayawa," in ji ta.

Ta gwada a wuyan hannu, lafiya lau. Ta gwada a gwiwar hannu, saƙon ya yi ta jan ƙafa.

"Jijiyar nan a matse take, Malam. Yaya kake zama?"

Kafin ya buɗe baki Anti ta kwaikwayi zaman nasa, har da turo leɓe.

Likitar ta ce lantarki mai ƙarfi yana motsa jijiya, ga shi ya ji da jikinsa, amma na'urar intanet ta gidansa ba ta da wannan ƙarfin. Ta ce ya daina danne gwiwar, ya sa matashi, in ba haka ba sai an yi aiki.

A mota ya ce, "Kamfanonin waya sun saye ta."

Na ce, "Yaya, ka bar jaki kana dukan taiki."

"Ke me kika sani?"

Ya koma teburinsa da sabon ƙwazo, don yanzu binciken ya haɗa da likitoci. Naman tafin hannun ya fara zubewa. Maɓallin riga ya gagare shi, sai Anti ta ɓalla masa, tana yi yana mata lacca.

Ƙarshe dai aka yi aikin. Da ya farfaɗo, idonsa ya sauka kan injin da ke auna bugun zuciyarsa. Murya a shaƙe ya ce wa nas ta kashe wannan abin, yana jin sa a ƙwaƙwalwa.

Nas ɗin ta gyara masa ƙarin ruwa, ko kallonsa ba ta yi ba.

"In na kashe, wa zai gaya mana kana da rai?"