Ragowar Malam Badamasi

Takardar duba gidajen tsofaffi mai shafi huɗu Hannatu ta ɗauko daga Taman Melati, ta hau jirgin ƙasa na LRT, ta sauya wani a Masjid Jamek, ta sauka a Sentul tana jin kanta kamar alƙaliya. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana aikin jinya a Katsina kafin gwamnati ta turo ta Kuala Lumpur ƙarin karatu, kuma bincikenta a kan gidajen kula da tsofaffi yake. Ta san inda ake ɓoye ƙazanta. Ba ta sauraron daɗin bakin manaja sai ta ɗaga zanin gado ta duba katifa, ta leƙa banɗaki ta shinshina.

Wannan zuwan dai ba na makaranta ba ne, Khaulah ce ta roƙe ta. Khaulah ita kaɗai ce 'yar Malam Badamasi, mutumin Malumfashi da ya zo ƙasar karatu tun yana saurayi, ya auri 'yar ƙasar, ya koyar da Larabci har furfura ta cika masa gemu. Bayan rasuwar matarsa ciwon mantuwa ya kama shi, ya share Malayancin da Turancin da ya yi shekara arba'in yana yi, ya bar masa Hausa zalla. Ita kuwa Khaulah Hausarta ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Aikinta na Bukit Jalil, ba mai zama da shi a gida, kuma sau biyu yana kunna gas ya manta. Sai ta kai shi wani gidan tsofaffi a Sentul. Cikin wata bakwai ya rame kilo shida, likita ya ce in aka ci gaba a haka a kai shi babban asibiti, a zura masa robar abinci ta hanci.

“Anti, ki je ki duba min su,” in ji Khaulah a waya, cikin Turanci. “In kika ce ba sa kula da shi, ranar Litinin zan ɗauke shi.”

Gaskiyar magana, tun kafin Hannatu ta taka ƙofar gidan ta gama yanke masa hukunci. A ranta cewa take, uban da ya haife ka, ka kai shi hannun waɗanda ko gaishe shi ba su iya ba, me kake tsammani? Sai dai gidan ya ƙi ba ta haɗin kai. Tsohon gini ne mai hawa biyu da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Katifu a bushe, banɗaki fes, magani a kulle kowa da sunansa, farcen tsofaffin a yanke. Ta cika shafi uku ba ta samu inda za ta ja jan layi ba, har abin ya soma ba ta haushi.

Da sha biyu da rabi aka buga ƙararrawar abinci. Tsofaffi suka taru a falo, ma'aikata na zagayawa da cokula. Malam Badamasi kaɗai ba a fito da shi ba. Mai kula da shi, wata baƙar Ba'indiya siririya mai suna Letchumi, ta ɗauki tire ta shiga ɗakinsa, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta fito, ta ja ƙofa, ta sami kujera a baranda ta zauna ta harɗe hannu.

“Yauwa,” in ji Hannatu a ranta. Takardarta ta faɗa ɓaro-ɓaro: mai ciwon mantuwa ba a barinsa shi kaɗai da abinci, a zauna da shi, a taimaka masa. Ta duba littafin da ake rubuta abin da ya ci. Rabi, rabi, rabi, tun watan Maris. Ta ja layinta da ƙarfi har biro ya kusa huda takardar, ta tura ƙofar ta yi sallama.

Yana zaune a kan tabarma, dogo, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya wanke hannu ke nan ya kai shi bakin faranti. Jin sallamar ya janye hannun, ya mayar da murfi.

“Baba, ina wuni?”

Fuskar tsohon ta washe gaba ɗaya. “Af! Lafiya lau, 'yata. 'Yar gidan wa ce? Ya kika baro mutanen gida? An yi ruwa kuwa?”

Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har da cewa damina ta yi kyau. Sannan ta durƙusa ta buɗe farantin, shinkafa ce da kifi da miyar kari, ta ciko cokali. “Bismillah, Baba, ga shi.”

“Alhamdu lillahi, na ƙoshi.”

“Haba Baba, ko loma ɗaya ba ka yi ba.”

“Na ƙoshi, 'yata. Allah ya yi miki albarka.”

Ta yi lallashi, ta yi wasa, ta yi irin muryar nan da take yi wa masu taurin kai a asibiti. Ya ɗauki carbinsa ya shiga ja, kamar ba ta ɗakin. Abincin ya huce a gabansu.

Letchumi na tsaye a bakin ƙofa lokacin da ta fito. “Aiyo, Sista, kin ɓata min makan ɗin yau, ba zai ci abincin ba ke nan!”

Hannatu ta taso mata. Ta ce an ba ta amanar tsoho ta ajiye masa abinci kamar mai ba kaji tsaba, ta fito shan iska. In ya shaƙe fa?

Letchumi ba ta yi fushi ba, ta ja hannunta ta zaunar da ita a kujerar. Daga nan sai Hannatu ta ga wani ɗan madubi a maƙale jikin bangon baranda, kuma ƙofar ba a rufe take ruf ba, an bar tazarar tafin hannu. Tabarmar duka tana cikin madubin.

“Wata guda na yi ina bin sa da cokali a falo,” in ji Letchumi. “Ruwa kawai yake sha. Rannan wata tsohuwa ta faɗi, na ajiye farantin na ruga. Da na dawo ya ci rabi. Ato ɗin nan, kakan namu, ba ya ci sai in ba ido a kansa. Ni ban san dalili ba lah, na dai ga haka yake. Amma rabin nan ya gagare ni. Da yatsa yake raba shinkafar biyu, ya ci gefe guda, ya ɗora kifin a kan sauran, ya rufe. In na ɗauka na nufi kicin sai ya yi ta faɗa da yarenku.”

Hannatu ta ƙura wa madubin ido. Ba baranda take gani ba yanzu, gidansu take gani a Katsina, da rumfar babanta, da kwanon samira mai murfi da faifai a bisa. Ta tuna yadda Inna kan ajiye kwanon ta juyo da sauri, ta kora yara bayan ɗaki. Har ta girma ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakin babanta ba. Su bakwai sukan laɓe suna kasa kunne, sai sun ji gyaran murya, sannan ya kira suna guda. Wanda aka kira ranar ya yi sallah, domin naman da Inna ta zaɓar wa maigida yana nan a kan ragowar tuwon, ba a taɓa shi ba. Ita aka fi kira, har yayyenta suka sa mata 'yar kwano. Shekara huɗu ke nan da rasuwar baban nata, kuma tun da ta zo garin nan tana cin nasi lemak, shinkafar kwakwa, a tsaye a bakin tasha, ko sau ɗaya abin bai faɗo mata a rai ba. Kewa ta kama ta, kunya ta biyo baya. Ba'indiya ta gane abin da ido kawai, ita da aka haifa a cikinsa ta shiga ta tsaya a kan dattijo da cokali.

“Kak Letchumi, yayata, ki yafe ni,” ta ce. “Ba ƙoshi yake yi ba. Yara yake rage wa.”

“Wane yara?”

“Nasa. A gidansu haka uba yake yi. Gobe ki zuba masa ninki biyu, ya raba yadda yake so. Kada kuma a kai sauran kicin a gabansa.”

“Boleh,” in ji Letchumi, wato za a yi, tana dariya. “Wata bakwai ina neman dalilin nan!”

Washegari Asabar Khaulah ta zo, da akwatin da za ta kwashe kayansa a bayan mota. Hannatu ta tare ta a ƙarƙashin mangwaro ta gaya mata abin da ta gani, ba ta ɓoye nata kuskuren ba. Ta ce a ba gidan wata guda, a riƙa auna shi duk Juma'a, in bai ƙaru ba a koma wa likita. Amma ita dai ta zagaya gidaje goma sha biyu a garin nan, ba ta ga inda aka kula da mutum kamar nan ba.

Khaulah ba ta gamsu ba. “Anti, kina nufin a bar shi shi kaɗai shi ne kulawa?”

“Zo ki zauna.”

Su uku suka jeru a baranda suna kallon madubi. Malam ya wanke hannu, ya raba tulin shinkafar biyu, ya ci gefensa tsaf, a hankali, har da suɗe yatsu. Letchumi ta dafa gwiwar Hannatu, domin cikakken faranti ke nan ya shiga cikinsa. Ya ɗora kifin a kan sauran, ya rufe, ya yi gyaran murya.

“Haulatu!”

Khaulah ta zabura. Tun Ƙaramar Sallah bai kira sunanta ba, in ta zo ma gaishe ta yake kamar baƙuwa.

“Ke yake kira, ragowar zai ba ki,” in ji Hannatu. “Ki durƙusa, ki karɓa da hannu biyu.”

Khaulah ba ta tashi ba, ta rufe baki da tafin hannu. “Haka yake min tun ina ƙarama,” ta ce. “Kullum sai ya turo min farantinsa. Ni kuma in ce ba na cin saura, a makaranta an ce ƙazanta ce. Mama kuwa a kicin take kuka. Har ta rasu tana cewa Abah, babana, bai taɓa son girkinta ba, shi ya sa ba ya cinyewa.”

“Haulatu!” ya sake kira, da ɗan faɗa-faɗa.

Ta share fuska, ta ce wa Letchumi akwatin zai koma gida yadda ya zo. Ta shiga, Hannatu na biye da ita. Ta durƙusa a gefen tabarmar ta karɓi farantin da hannu biyu. Ta nemi cokali ba ta gani ba, sai ta wanke hannu a kwanon da ya wanke nasa, ta gutsuri kifin ta kai baki.

Malam Badamasi ya sunkuyo wajenta, ya rage murya kamar mai tsoron kada a ji daga kicin.

“Maza cinye. Uwar nan taki ta iya miya, duk garin nan babu kamarta. Kada ki gaya mata na faɗa, kanta zai kumbura.”

Khaulah ta ɗago, bakinta cike da shinkafa. “Anti, me ya ce?”

Hannatu ta durƙusa kusa da ita, ta fassara mata kalma bayan kalma.