Gurbin Labbo a Hoton Guguwa

Shekara goma sha tara da rasuwar Labbo, matarsa Larai ta wayi gari fuskarsa ta ɓace mata. Muryarsa tana nan, tarinsa na asuba yana nan, har yadda yake jan takalmi a zaure tana ji. Amma in ta rufe ido ta nemi fuskar, sai komai ya kama rawa kamar ruwan rijiyar da aka jefa wa guga. Abin ya dame ta ƙwarai, ga shi ba maganar faɗa wa mutane ba ce. Ɗan hotonsa ɗaya tak da take da shi, gara ta cinye shi tare da akwatin tun tana Badagishiri, kafin ɗiyarta ta ɗauko ta zuwa Tsarnawa.

Ana nan, a wurin wani suna, ta ji wani direba yana cewa an gyara filin ƙwallon Badagishiri, an yi katanga da buro, wato ofis, har an rataye hoton 'yan Guguwa na farko a bango. Ran kasuwa Larai ta ɗauki mayafinta ta shiga mota.

Guguwa kuwa ƙungiyar ƙwallo ce da samarin garin suka kafa tun Larai tana amarya. Kada ka ji an ce fili ka zaci wani abin kirki, gonar wani tsoho ce. Da kaka, in an kwashe gero, samarin su tumɓuke tushiya, su share ƙarangiya, su kafa sanduna, su ja layi da toka. Su yi ta bugu har ruwan farko. Ruwa na sauka a tuge sanduna a mai da wa mai gona abinsa. Labbo ne mai tsaron gida, kuma Larai ba ta taɓa ganin wasansa ba, don mata ba sa zuwa. Da kunne ta san ƙwallo. Tana daka sai iska ta kawo mata ihu daga gabas, in gajere ne an ci, in dogo ne mai gidanta ya cafe.

A bakin ƙofar filin ta iske wani dattijo mai ɗingishi yana gadi. Ya daɗe yana kallonta kafin ya tafa hannu.

"Larai ta Labbo? Ikon Allah. Ni ne Malami, mai buga gefen hagu."

Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiyar hanya, aka yi wa mamata addu'a. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, Malami ya sosa ƙeya ya ce, "Mu dai taka tukuna, ki ga wuri."

Ya ratsa da ita tsakiyar filin yana ta zuba. A nan suka lallasa 'yan Illela har mai busa usur ya gudu ya bar hularsa. A can aka ɗora kofi bisa amalanken jaki aka zaga gari da shi, jakin ya ƙi tafiya sai da aka ɗauki kofin a ka. Larai tana ji kamar daga nesa. Rana ta take, yashin yana ƙyalli, sai take ganin ƙafafu marasa takalmi suna wuce ta suna komowa, tana jin dogon ihun nan yana tasowa daga benayen siminti na 'yan kallo da babu kowa a kai. Ashe wurin bai kai girman da kunnenta ya ba shi ba.

Hoton yana cikin buro, baƙi da fari, an sa shi a gilashi. Larai ta goge ido da bakin mayafi ta matsa. Biyar a tsaye, biyar a tsugune. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta sake daga farko. A tsakiyar na tsaye akwai gurbin mutum guda, ba kowa, sai ƙwallo a ƙasa.

"Ina shi?"

Malami ya sunkuyar da kai. "Daga Ƙonni munka ɗauko mai hoto, sati biyu muna jiranai. Ranar da ya zo, an kwana ana ruwan hwarko. Mu munka ce shuka ta jira mu kaɗan, mai gona na tsaye da irinai yana zaginmu. Labbo ya zo da rigarsa ta wasa a jiki, ya sunkuya ya damƙi ƙasa ya ce danshi ba ya jiran hoto. Ya juya ya tahi gona. Mun ƙi rufe wurinai."

Haushi ya turnuƙe Larai har idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Wannan mutum, yana kabari ma sai ya wahal da ni."

Ta zauna a kan benci. Kuma a nan ne ranar ta komo mata gaba ɗaya. Sassafe ne, ƙasa tana ƙamshi. Shi yana gaba da sungumi yana saran rami, ita tana biye da ƙwaryar iri, ta zuba ta rufe da diddige. Ta tuna ta yi mamakin mutumin da ya zo shuka da koriyar rigar ƙwallo, lamba ɗaya ta manne masa a baya don gumi. Bayan nasa take bi, daga wannan kunyar shuka zuwa waccan, har ƙarshen gona. Sai ya tsaya, ya dogara da sungumin.

"Larai, kina tsallake rami."

Ga wushiryar, ga tabon da ke bisa girarsa ta hagu, ga laka a gefen hanci, yana ƙoƙarin ɓoye dariya.

Malami ya ga ta rufe ido, sai ya fara ba ta haƙuri, yana cewa da ya san za ta yi wannan doguwar tafiya a banza da ya aika mata.

Larai ta ɗaga masa hannu ba tare da ta buɗe ido ba.

"Yi shiru, Malami. Yanzu ya waiwayo."