Sunan da Salihatu Ba Ta Faɗa

Salihatu mai man gyaɗa a kasuwar Kontagora ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Haka ta tarar iyaye na yi, haka ta yi. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Beri, don haka in magana ta kama dole sai ta ce "na Beri", kowa kuma ya san Zulkiflu take nufi. Ko da ya girma ya tafi Abuja ya yi suna da barkwanci a waya, na Beri yake a bakinta. Duk Juma'a yakan kira wayar ƙanwarta Ruka, mai rumfar da ke jikin tata, su yi ta hira da ƙarfi, ita kuma tana awon mai kamar ba ta ji. Nan kuwa ko tari ya yi sai ta kwana da shi a rai.

Bana aka ɗauke shi a wani shirin talabijin mai suna Gidan Gilashi, inda ake tara samari da 'yan mata masu suna a gida guda, a karɓe musu wayoyi, duniya tana kallon cinsu da faɗansu. Salihatu ba ta kallo. Ruka ce ke kawo mata rahoto ba tare da an aike ta ba.

Wata rana aka gaya wa wata yarinya a gidan, Patience, cewa mahaifinta ya rasu. Ta yanke jiki za ta faɗi, Zulkiflu da ke kusa ya tare ta, ta kifa kai a kafaɗarsa tana kuka. Iyakar laifin ke nan. Wani ɗan albarka ya yanko wurin kafaɗar, ya zubar da labarin mutuwar, ya watsa a waya.

Kafin ka ce kwabo ƙasa ta ɗauka. Gidajen rediyo suka buɗe layi, masu kira suna rantsuwa ba su taɓa kallon shirin ba, amma suna iya faɗin launin rigar yarinyar. Wani ɗan majalisa, wanda bai taɓa buɗe baki kan ramukan hanyar mazaɓarsa ba, ya tara 'yan jarida ya ce an keta mutuncin Arewa. Abokin hamayyarsa ya ce ai gwamnati ce ke ɗaure wa shirin gindi. Wata ƙungiyar matasa ta janye lambar yabon da babu wanda ya tuna ta ba shi.

Salihatu ba ta ji haushi ba, ba ta ji kunya ba. Zuciyarta ta yi kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Tana fitowa kasuwa, tana awo, tana komawa gida.

Ran nan sai ga wani ɗan jarida daga Legas da kyamara, tare da tafinta ɗan gari, Lukuman. Mutane suka yi cincirindo a bakin rumfar.

"Mama, ya ce ke ce mahaifiyar Zulkiflu?" in ji Lukuman.

Ta sunkuyar da kai. Wace uwa ce za ta bugi ƙirji a tsakiyar kasuwa ta ce ita ta haifi ɗan fari?

"Ku je Beri ku tambayi kakarsa," ta ce. "Ɗanta ne."

"Ya ce ki kira sunansa, ki yi masa magana ta kyamara."

"Ni ba na faɗin wannan sunan."

Lukuman ya san al'adar sarai, don uwarsa ma ba ta kiran sunan yayansa. Amma fassara aka ɗauko shi yi, ba bayani ba, ya kuwa fassara tsaf.

Kafin la'asar fuskarta ta cika wayoyi, an rubuta a ƙasa cewa uwar Zulkiflu ta sallama shi, ko sunansa ta daina faɗa. Washegari ɗan majalisar ya zo da buhun shinkafa ya jinjina wa "uwa ta gari", aka ɗauke su hoto tana kallon ƙasa. Buhun ya zauna a bayan rumfa, ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma ce a ɗauke ba.

A makon aka fitar da Zulkiflu daga shirin, aka mayar masa da wayarsa. Juma'a ta zo, wayar Ruka ba ta yi ƙara ba. Wata Juma'ar ta zo ta wuce. Zuwa lokacin rediyo ya koma kan wata mawaƙiya da ɗinkin rigarta, ɗan majalisar ma ya bi su can.

"Yaya, yaron nan ya ga bidiyon," in ji Ruka. "Ba a hannunki ya tashi ba, me ya sani game da zuciyarki? Duniya ta ce masa kin sallama shi, ke kuma kin yi gum. Ki kira sunansa sau ɗaya ya ji."

Salihatu ta ajiye mazurarin da ke hannunta. Sai ta karɓi wayar Ruka suka zagaya bayan rumfa, kusa da buhun shinkafar. Ruka ta nuna mata inda za ta danna ta aika masa saƙon murya. Sunan ya yi mata nauyi a harshe.

"Zulkiflu," ta ce. "Ni ce. Zulkiflu, ka kira gida."

Ta koma kan awo, ba ta gama cika kwalbar da ke gabanta ba wayar ta yi ƙara. Ruka ta miƙa mata.

"Inna," ya ce. "Me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba. An ce ka ga abin da suka watsa."

"Na gani. Dariya ma na yi, na ce Innata tana nan yadda na san ta. Kunyar abin da na jawo miki ce ta hana ni kira. Amma yanzu da na ji sunana a bakinki, kamar yadda kike kiran 'ya'yan maƙwabta, sai na ce to, yau kam ta cire ni daga cikin 'ya'yanta."

Ta buɗe baki ta ce masa ba haka ba ne, sai ta rasa da me za ta kira shi. Na Beri na mutane ne, ba a faɗa wa mai shi. Ɗayan kuwa ta riga ta faɗa, ba ya komawa.

"Inna, kina ji na?"

"Ina ji," ta ce.

Wata mata ta tsaya a bakin rumfar tana tambayar man gyaɗa rabin kwalba. Salihatu ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ta ɗauki mazurari. Man ya cika kwalbar ya malalo kan yatsunta, ba ta lura ba sai da matar ta ce, "Baiwar Allah, rabi na ce."