Rumbun Baba Eli

"Sauka daga tsanin nan!"

Regina ta tsaya cak, fartanya a hannu. Ba ta zaci tsohon yana da sauran ƙarfin tsawa ba. Kwana uku ke nan Baba Eli, maƙwabcinta, bai iya tashi daga tabarma ba, amma idonsa ƙyam a kan rumbun da ya liƙe bakinsa da laka tun kaka.

"Baba, don Allah. Mudu ɗaya na acca kawai, in dama maka kunu."

"Yunwan bai zo ba tukuna," in ji shi. "Ke ba ki ga shekaran fara ba, yarinya. Ƙanne biyu na binne da hannuna."

Shekarar 1973 ce, ta babban fari. A Fadan Kagoma an ɗan samu ruwa, amma duk jirgin ƙasan da ya tsaya a Kafanchan sai ya sauke mutanen arewa da labarin shanu sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe. Malam Nuru mai awo ya zo har sau biyu yana taya hatsin da tsada. Baba ya ce in yau ana roƙonsa haka, gobe sai a nema a rasa. Shi bai sayar ba, shi bai ci ba. Daga cin sau biyu ya koma sau ɗaya, daga nan sai ganyen rogo da ruwan zafi. In Regina ta kawo tuwo ya ture kwanon.

"Kai wa yaranki. Ki rage musu ma, su saba."

Maganar ta shige ta ƙwarai. Tsoro take ji in ta dubi haƙarƙarinsa, tsoro take ji in ta dubi buhunta.

Ta sauko daga tsanin. Ran Laraba da hantsi Baba ya cika.

Bayan fasto ya yi addu'a an binne shi, ɗansa Rufus, ma'aikacin reluwe, ya hau ya fasa lakar. Acca ce maƙil har baki, ko ƙwaro bai taɓa ba. Kwana uku ana dafa wa masu gaisuwa, kowa ya ci ya bari, har karnukan unguwa suka ƙoshi. Regina ce ke tuƙa tuwon, tana kuka, ko loma ba ta iya kaiwa baki ba.

Da aka watse ta koma gida ta cika mudu da dawa, na abincin yara. Ta ɗaga kai ta daɗe tana duban sama, babu ko alamar hadari. Sai ta ɗebi tafi ɗaya daga mudun, ta mayar cikin buhu.