Rahoton da Aka Yi wa Aski

Yayata ba ta da saurin fushi. Ni ce mai baki a gidanmu, ita kuwa ko ka taka mata ƙafa sai ta ce maka sannu. Shi ya sa ranar da ta shigo ɗakin Inna ko sallama babu, ta yi jifa da jaka, muka san an kai ta bango.

Aikinta auna lafiyar ruwa ne. Shekara goma sha ɗaya tana hukumar kula da tafki da rafukan da ke zuba a cikinsa. Duk farkon wata takan shiga kwale-kwale da kula mai ƙanƙara, da kwalabe masu lamba, da wani faifai fari da baƙi da take zurawa da igiya don ta ga zurfin da zai ɓace mata. Ta ɗebo ruwa nan da can, ta garzaya ɗakin gwaji kafin ƙanƙarar ta narke. Masunta suna kiranta Likitar Ruwa. Inna kuwa cewa take yi, "An gama boko, an ƙare a ɗiban ruwa a kwalba kamar mai neman magani." Mai tuƙa ta duk shekarun nan wani dattijon masunci ne da ake ce wa Baba Dogo, ko da yake gajere ne kamar turmi.

A shekarar nan, da zafi ya tsananta, gefen tafkin na gabas ya yi kore shar kamar an kwara fenti. Wata safiya aka wayi gari kifi ya taso, cikinsa fari fat, tun daga bakin gaɓa har iya ganinka. Kwana tara Yaya tana ɗiban ruwa. A na goma ta sa takalmin roba, ta bi wani ƙaramin rafi da ƙafa, Baba Dogo na biye da ita, har suka ɓulla bayan wani sabon otal. Can cikin ciyawa suka tarar da bututu mai faɗin bakin ganga yana aman najasa. Ashe injin tace ƙazantar otal ɗin ya lalace tun watanni, maimakon a gyara sai aka juya bututun cikin rafi. Ta taɓa yi mini bayani cewa najasa taki ce ga gansakuka, wato koren nan da ke rufe ruwa. Idan gansakukar ta yi yawa sai ta ruɓe, ta cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa.

Ta rubuta rahoto shafi talatin da huɗu, da hotuna, ta miƙa wa Darakta. Bayan mako biyu hukuma ta fitar da shafi biyu. A ciki aka ce masunta ne ke zuba guba don su kama kifi, matan unguwa kuma suna ɓata ruwa da sabulun wanki. Aka hana masuntan shiga tafki wata uku, aka kwashe tarunansu. Ba a ambaci otal ko sau ɗaya ba. A ƙasan takardar kuwa, sunan Yaya ne.

Ita ce takardar da ta zaro daga jakar ta ajiye gaban Inna, ta ba mu labarin yadda suka yi da Darakta.

Ta ce masa, "Ranka ya daɗe, ina shafi na tara zuwa na ashirin?"

Ya ce, "An taƙaita ne, Malama. Wa zai zauna ya karanta shafi talatin?"

"Wannan ba taƙaitawa ba ce. Aski ne, har da kunne aka haɗa."

"Ai ba mu yi ƙarya ba. Ba a taɓa samun masunci ya zuba guba ba?"

"An taɓa, shekara bakwai da suka wuce, kuma ni na gano shi. Wannan karon na gwada sau uku, ko ɗigo babu."

Sai ya tashi ya tura ƙofa, ya rage murya. "Mai otal ɗin nan yana cikin kwamitin da ke kula da mu. An gaya masa, zai gyara a hankali. Ki bar kaza cikin gashinta."

"To a cire sunana."

"An riga an buga."

Inna ta daɗe tana juya takardar, ko da yake ba karatun boko take yi ba. Ta ce, "Wato an ga wanda bai da kowa, an ɗora masa."

Ranar a gidanmu ta kwana. Washegari da hantsi aka ce ana sallama da Yaya a ƙofar gida. Baba Dogo ne. Na kai masa tabarma, ya ƙi zama.

Ya ce, "'Yata, an karanta mana takarda, an ce hannunki ne a ƙasa. Ni na raka ki har bakin bututun nan. Ni na riƙe miki kwalba kina toshe hanci. Yau kuma ni ne mai guba?"

Ta ce, "Baba, wallahi ba abin da na rubuta ke nan ba."

"Na sani. Amma jikata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai yara suna ce mata jikar mai kashe kifi. Ita wa zai gaya mata?"

Ya juya ya tafi. Yaya ta tsaya a zaure tana hawaye, ba na tausayi ba, na takaici.

Abin da ya ƙara tunzura ta, hukumar ta shirya taron wayar da kai a ɗakin taro na makarantar firamare, wai za a koya wa masunta illar zuba guba. Kuma aka sa ta cikin masu jawabi, minti biyar. Mijinta ya ce ta ce ba ta da lafiya, ta tuna akwai yara. Inna ta harare shi. Ta ce wa Yaya, "Idan kika je kika yi shiru, kada ki ƙara kawo mini robobin ƙanƙararki cikin firij."

Na bi ta taron. Manya suna kan kujerun roba a gaba, da ruwan gora a gabansu. Masunta da matan unguwa suna takure kan bencin yara, gwiwoyinsu har ƙirji. Da aka kira ta, sai ta fito da kwalabe biyu. Ta ɗaga ta farko ta ce, "Wannan daga wurin da mata ke wanki ne." Ta karanta abin da gwaji ya nuna. Ta ɗaga ta biyu ta ce, "Wannan daga bututun bayan otal ne. Ƙwayoyin cutar da ke cikinta sun ninka na waccan fiye da sau ɗari huɗu." Sai ta buɗe murfin, ta dire kwalbar a kan teburin manya, daidai gaban Darakta.

Wari ya gauraye ɗakin. Wani babba ya ja hula ya rufe hanci. Aka kashe mata lasifika. Ban taɓa sanin Yaya na da murya haka ba.

"Ban rubuta cewa masunta sun zuba guba ba! Ƙarya aka yi musu, ƙarya aka yi mini! Daga nan zuwa bututun tafiyar minti ashirin ce. Duk mai shakka ya taso mu je!"

Ɗakin ya watse. Mata suka ɗaura zane suka yi gaba, masunta suka bi, har da wata 'yar jarida ta gidan rediyo da aka gayyato don ta ɗauki jawabin Darakta. Shi dai bai taso ba.

Cikin kwana huɗu aka toshe bututun da siminti. Otal ya fitar da sanarwa cewa injiniyoyinsa sun gano wata 'yar tangarɗa, sun kuma magance ta. Ba a hukunta kowa ba. Sai da aka yi mako biyar kafin a bar masunta su koma ruwa, da aka buɗe sito kuma aka tarar ɓeraye da laima sun cinye rabin tarunan. Ba wanda ya ce musu ku yi haƙuri.

Yaya ta samu takardar tuhuma kan rashin ɗa'a ga na gaba. Bayan wata guda aka mayar da ita wata ƙaramar tasha can saman rafuka, tafiyar awa huɗu a mota, inda aikinta shi ne karanta ma'aunin ruwan sama. Sai ƙarshen mako take ganin 'ya'yanta. Ta rubuta wasiƙa bakwai a cire sunanta daga takardar nan. Amsa ɗaya ta zo: ana duba lamarin.

Ran nan da rana muna tsakar gida, ina yi wa ƙaramar 'yarta kitso, sai muka ji a rediyo an ba Darakta lambar yabo saboda saurin shawo kan matsalar tafki. Har aka sako muryarsa yana cewa nasarar ta dukan ma'aikata ce.

Inna ta ajiye tsintsiyar hannunta ta ce, "Ke, kashe mini abin nan kafin in yi saɓo."