Babban Yatsan Auta

Takardar da aka manna a bangon makaranta ta ce wai autata ba za ta rubuta jarrabawa ran Litinin ba, wai sau tara ba ta shiga aji ba. Yarinyar da nake tashi da kaina tun kafin rana ta fito!

Su ɗari huɗu ne a ajin. A bakin ƙofa akwai wata na'ura da kowa ke dangwala wa babban yatsa, ita ke faɗin wanda ya zo. Ni wankau nake yi, Auta ke taya ni, sabulu da cuɗa sun cinye zanen yatsanta tas. In ta dangwala, wani lokaci abin ya karɓa, wani lokaci ya yi jar wuta, na baya su ingizo ta ciki.

Na ja hannunta har ofis. Sakatare ko kai bai ɗaga ba.

“Mama, na'ura ba ta ƙarya.”

“To ni ke ƙarya ke nan? Kira min malamin.”

Malamin ya fito yana goge tabarau, ya ƙare wa Auta kallo kamar yau ya fara ganin ta.

“Mama, ɗari huɗu fa! Ina zan riƙe fuskar kowa?”

Ta buɗe masa littafinta, darasi bayan darasi. Ya ce ai ana iya kwafa a wurin ƙawa. Nan raina ya gama ɓaci.

“Ke Auta, tunda shi bai gan ki ba, gaya masa abin da ke kika gani.”

Ta sunkuyar da kai. “Ranar farko da aka ce ban zo ba, lasifika ta mutu, ka hau kujera don a ji ka, ƙafarta ta karye. Ta biyu ka zo da takalmi wari da wari. Ta uku matarka ta kira ka a waya, ka manta lasifika a kunne, ta ce in ka sake...”

“Ya isa, ya isa!”

“Saura shida, Malam,” na ce. Sakatare ya toshe baki da fayil.

Nan take malamin ya rubuta takarda ya buga hatimi. Na ce Auta ta karanta min, don ni ban yi boko ba. Wai an yi mata afuwa.

“Afuwa? Laifin me ta yi, taya uwarta wanki?”

“Mama, mu tafi,” Auta ta raɗa min tana jan mayafina.

Na janyo kujera na zauna daram. “Rubuta cewa ta zo, ƙarfenku ne bai gan ta ba.”

Ya dubi agogo, ya dubi ɗaliban da suka cika taga suna leƙe. Ya yaga takardar, ya ɗauko sabuwa. Sai da Auta ta karanta min ita sau biyu kafin na tashi.